Ganye ya dawo, ƙasa na baya

Yau Yaya ya matsa sai na raka shi filin nan da aka sare shekarun baya, wai in ga abin mamaki da idona. Na kuwa gani. Wuri ya yi kore shar, ƙananan itatuwa sun fi ni tsawo, tsuntsaye sai hayaniya suke. Baki har kunne ya ce, "Kin gani ko? Ku 'yan boko kun cika tsorata mutane. Daji da kansa yake warkewa."

Na ce, "Yaya, ɗan ara mini rodin nan." A gindin tsofaffin itatuwan da aka bari, rodi ya shige ba gardama. Ƙasar baƙa ce mai laushi, tana ƙanshin ruɓaɓɓen ganye, har tsutsar tana na tono. Da muka koma inda tarakta ta riƙa jan gumagumai, na danna iya ƙarfina, ko tsawon ɗan yatsa bai shiga ba. Na tsiyaya ruwan gorata, ya kwanta a sama ya ƙi nutsewa. Ciyawa ce ta rufe wurin, shi ya sa ido ke ruɗuwa. Nauyin inji ya toshe ƙofofin da iska da ruwa ke bi, kuma zirga-zirgar farko ce ke yin yawancin ɓarnar, balle in ƙasa na da danshi. Saiwa da tana da gara ne za su sake buɗe ta, su kuwa ba sa gaggawa.

Ya ce ai wannan 'yar hanya ce kawai. Sai na kawo masa gwajin Hubbard Brook a Amurka, inda aka fara sare wani kwari kakaf a 1965, aka riƙa fesa magani shekara 3 don kada komai ya tsiro. Sinadarin naitiret a ƙoramar wurin ya ninka fiye da sau 40, abincin ƙasa ke nan ruwa ke kwashewa saboda babu saiwar da za ta riƙe shi. Nan ya cafke ni: "To da aka bar tsiro ya fito fa?" Na ce asarar ta ragu da wuri. Ya yi dariyar nasara, kuma a nan yana da gaskiyarsa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne na ƙarshe. Na ce masa binciken da aka wallafa a 2019 kan dazuzzukan Victoria a Ostireliya ya nuna ƙasa na ɗaukar aƙalla shekara 30 bayan sara kafin ta farfaɗo, bayan gobara kuwa har 80. Ya kaɗa kafaɗa ya ce, "Kafin nan ai an sake sarewa." Ba da mugunta ya faɗa ba, lissafin masu katako ne kawai. Ni dai har muka dawo ban ƙara cewa uffan ba.

Caji ya ƙare tun la'asar, hotunan ramin ma ban ɗauka ba.

Gobe zan koma da gwangwani mai huda in auna saurin nutsewar ruwa a wuraren biyu. Yaya ya ce shi kam yana da aiki.