Dam ma batir ne

Sana'ata haɗa sola ce a Kano, kuma duk ɗan harkar ya san ba farantin sola ke ba mu ciwon kai ba, batir ne. Da rana wuta har ta yi yawa. Ƙarfe goman dare inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta zama ta gida, ta fara kuka, maigida ya bugo min waya rai a ɓace, da safe in je in tarar zafin bazara ya kumbura batirin.

Wanda ya sa wa rijiyar burtsatse sola ya riga ya san wata dabarar: da rana a tura ruwa tankin sama, da dare a buɗe famfo. Haka ake adana lantarki da tafki biyu, ɗaya a tudu ɗaya a gangare. Rarar wutar rana ta hau da ruwan, bayan magariba a sako shi ya juya injin. Kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na wutar kan salwanta, amma ginin sai ya haura shekara hamsin yana aiki. Tashar Ingula ta Afirka ta Kudu megawat 1,332 take bayarwa ta wannan hanya.

Ni dai a ganina ba sai mun fara da mai tsadar ba. A madatsar Bui ta Ghana sun kafa faranti a gefen dam, wasu ma suna yawo a kan ruwan. Rana na aiki, a rage sakin ruwa. Ruwan da aka riƙe shi ne ajiyar dare. Madatsar Shiroro mai megawat 600 tana nan tun 1990, ga manyan wayoyi a ɗaure, ga ruwanta yana ja baya da rani, lokacin da rana ta fi ƙwallewa. Me muke jira?

Madatsar Tiga ce nake ɗan ɗari-ɗari da ita. Tun 1974 ruwanta yana da masu shi: masu shinkafa a Kura, masu tumatir a Kadawa, ga masunta da makiyayan fadamar Haɗeja da Nguru da suka daɗe suna kukan ambaliyar da ke raya su ta ragu. Mai lantarki dare yake so, manomi kuwa da hantsi yake ban ruwa, ba zai shiga kwami da tocila ba don fankar wani ta juya a unguwar Nasarawa. In za a yi, sai dai tafkin Ruwan Kanya da ke ƙasan Tiga ya tare ruwan da aka saki da dare ya riƙe wa manoma zuwa wayewar gari.