Mako na shida: kadojin Thomas Nast sun ba ni wuya

'Yan uwa masu koyon sassaƙa hoto a katako don bugawa a takarda, ga inda aka kwana. Makon nan na ajiye furanni da tsuntsaye, na ɗauko zanen zambo da Thomas Nast ya fitar a mujallar Harper's Weekly ta birnin New York ranar 30 ga Satumba, 1871. Daga nesa sai ka rantse kadoji ne suke fitowa daga kogi za su cafke 'yan makaranta. Ka matso kusa, ashe bishof-bishof ne na cocin Katolika suna rarrafe, dogayen hulunansu masu tsaga biyu sun zama bakin kada har da haƙora. Rigimar lokacin a kan kuɗin gwamnati ne da ake ba makarantun coci, kuma Nast yana zargin 'yan siyasar Tammany Hall, ƙungiyar da ke juya siyasar birnin New York a lokacin, da hannu a ciki.

Kada ɗaya tak na sassaƙa, ya ci mini katako uku. Na farko ya fito kada zalla, babu alamar hula. Na biyu hula ce kawai, ba ta tsorata ko jariri. Sai a na uku na gane sirrin: a bar adon da ke jikin hular yadda yake, haƙoran kuma a yi su ƙanana a gefen tsagar, ido ya ga abu biyu a lokaci guda.

Inuwar ruwan ce ta fi gajiyar da ni. Layukan da suka gitta juna, da alƙalami wasa ne, amma a katako dole ka ƙwaƙule kowane ɗan gurbi da ke tsakaninsu. Shi ya sa a zamanin ake haɗa ƙananan katakai masu tauri da kusoshi, a raba wa masassaƙa da yawa, sannan a mayar a ɗaure. Ni da katakon maɗaci da bayan cokali nake bugawa, tawada kuma ta cushe mini rabin layukan.

Zanen kansa ban ga adalci a cikinsa ba. Ya zubar da mutuncin baƙi 'yan Ailan gaba ɗaya saboda addininsu na Katolika. Gwanintar hannun nake bi.

Na kuma manta ban juya hoton a madubi ba, kadan nawa ya fuskanci inda bai kamata ba. Wanda ya san yadda ake rage kaurin tawada ya taimaka mini kafin Asabar.