Wata bakwai ina kaɗa jita ban san me nake kaɗawa ba

Har yau in na tuna ranar da na fara jona jitata da amfilifaya sai kunya ta kama ni. Wata bakwai na yi ina bin littafin koyon kiɗan metal, wato kiɗan jitar lantarki mai nauyi da ƙara, shafi bayan shafi, har na fara jin kaina wani ne.

Littafin na hannu ne, a wurin mai tsofaffin littattafai na tsince shi a Kaduna. Aljihun bangon baya, inda faifan CD yake zama, wayam. Ban damu ba. Ga layuka shida a madadin tsirkiyoyin jita, ga lambobin da ke nuna inda za ka danna, me kuma ake nema? Cikin sati biyu fawa kod, wato buga tsirkiya biyu tare, ta zauna mini, yatsa biyu ne kawai kana zamewa da su a wuyan jita.

Kuɗina duk sun ƙare a kan jitar, amfilifaya sai Allah ya hore, ga taransfomar unguwarmu ta ƙone. Sai na riƙa kaɗawa haka nan ba jona komai, cikin dare, a ƙuryar ɗaki. Jitar lantarki in ba a jona ta ba kukanta bai fi na sauro ba, kuma duk ɓarnar da ka yi rufa maka asiri take.

Ranar da wani abokina mai kaɗa jita a coci ya kawo mini aron tasa amfilifayar, na murɗa distoshan, maɓallin da ke sa sautin ya yi kaushi, har ƙarshe, na gyara tsayuwa, na sauke hannu. Abin da ya fito kamar an kifar da kwanuka a tsakar gida. Tsirkiya biyu nake bugawa, amma sauran huɗun kowace na nata gurnanin, ga ƙiiii na yatsu duk sanda na zame. Ashe aikin distoshan ke nan, ƙaramin sauti yake ɗagowa ya kusa kamo babba. Rabin kiɗan nan hana tsirkiyoyin da ba ka so magana ne, ni kuwa ko sau ɗaya ban taɓa gwadawa ba, tunda ban taɓa jin su ba.

Sai kuma P.M. ɗin nan da ake rubutawa a kan layukan da ɗigo-ɗigo a gaba. Na san ana nufin ka ɗora gefen tafin hannunka a kan tsirkiya. Abin da ban sani ba shi ne a ina. Ni can gaba nake ɗorawa, sai sautin ya fito tak-tak, busasshe. Abokina ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Mutumina, ai kai ba danne ta kake yi ba, shaƙe ta kake."

Ya kama hannuna ya ja shi baya kamar faɗin yatsa biyu, daidai inda tsirkiyoyin suka hau ƙarfen gindin jita. Na buga. Jug, jug, jug, har cikin ƙirjina. Faɗin yatsa biyu fa! Abin haushin, da na koma littafin na tarar an faɗa, a wani ɗan sakin layi da na tsallake saboda ina ɗokin kai wa ga lambobi. Da faifan nan yana nan, minti ɗaya ya isa kunnena ya gaya mini.

Warware abin da hannu ya saba ya fi koyon sabo wuya. Wata uku na yi ina komawa darussan farko da metronom na waya, mai ƙidaya bugu, a kan bugu 80 a minti, ina buga tsirkiya daga sama zuwa ƙasa zalla, irin wanda James Hetfield na ƙungiyar kiɗa ta Metallica ya yi suna a kai, ina ɗaukar sautina in saurara. In tsintsiyar hannuna ta yi tsami na fara tsaki, sai in tuna Tony Iommi, makaɗin jitar ƙungiyar Black Sabbath, wanda injin masana'anta a Birmingham ya datse wa kan yatsu biyu bai ajiye jita ba. Sai in yi shiru.

Wanda duk ya tambaye ni wane littafi zai saya, cewa nake ya fara neman amfilifaya ko 'yar ƙarama ce, ko irin na'urar da ake maƙala wa jita a ji ta abin kunne. In littafin na hannu ne kuma, ya zura yatsa a aljihun baya kafin ya biya. Ni yanzu na kai 140 a metronom. Tsirkiya ta huɗu har yau takan saci baki in na yi sakaci.