Iri Ɗaya Ne, Ƙasar Ce Ta Bambanta

A misalin mai shuka da ke Markus sura 4, iri ya faɗa wuri huɗu: bakin hanya, kan duwatsu, cikin ƙaya, da ƙasa mai kyau. Yesu ya bayyana cewa irin nan Maganar Allah ce, wuraren nan huɗu kuwa mutane ne iri-iri masu jin ta.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai ƙasar duwatsu. Yakan karɓi wa'azi da murna, har da hawaye, amma da tsanani ya taso sai ya yanƙwane, domin ba shi da saiwa. Ita kuwa saiwa a ɓoye take kama ƙasa, ba a cikin taro ba.

Ɗan'uwa, ka ware minti 15 da sassafe, tun kafin ka taɓa waya. Karanta sura ɗaya tak. Markus surori 16 ne, cikin kwana 16 ka gama. Zaɓi aya guda, ka rubuta ta, ka maimaita da baki har ta zauna, sannan ka roƙi Ruhu Mai Tsarki ya nuna maka abin da za ka aikata yau. Nan yawancinmu muke tuntuɓe. A wasiƙarsa cikin Sabon Alkawari, Yakubu ya kwatanta mai ji ba ya aikatawa da wanda ya duba fuskarsa a madubi, ya tafi, ya manta kamanninsa.

Ƙaya kuwa sannu a hankali take shaƙe tsiro: damuwar duniya, ruɗin dukiya, kwaɗayin abubuwa. Ganye na nan kore shar, amma babu tsaba. Kowane mako ka zauna da wani amintaccen mai bi, ku faɗi sunan ƙayar da ta tsiro, ku yi addu'a a kanta.