Yadda na haɗa intanet a gidanmu a Kano

Da aikina ya koma gida, datar wayar hannu ta daina isar mu, domin ni da uwargida da yara duk a kanta muke rataye. Hanyoyi uku ne a gabana: wayar fayiba da ake jawowa har cikin gida, da Starlink, wato intanet ta tauraron ɗan'adam, wadda ta fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, da kuma rauta, wato na'urar da take raba intanet a cikin gida, mai amfani da layin wayar hannu.

Fayiba ce ta fi kwanta mini a rai, amma ba a jawo ta zuwa unguwarmu ba, don haka maganarta ta ƙare nan take. Starlink kuwa, ban da tsadar kayanta, tasarta mai kamo sabis, ta gama-gari, tana cin wuta daga wat 50 zuwa sama, alhali rauta ta gama-gari ba ta cika wuce wat 10 ba, kuma duk wanda yake lallaɓa ƙaramar inbata ya san bambancin nan ba ƙarami ba ne idan aka kwana babu lantarki.

Saura rauta mai layi, kuma a nan ne aikin yake. Kano tana cikin birane 7 da MTN ya fara kai wa sabis mai sauri na 5G a 2022, Airtel ya ƙaddamar da nasa a Najeriya a 2023, sai dai kasancewar sabis a gari ba ya nufin ya shigo ɗakin mutum. Na ari layukan kamfanoni daban-daban a wurin maƙwabta, na auna saurinsu a falo da tsakar gida, da safe da kuma bayan sallar isha'i. Wani layin da yake ba da saurin megabit 40 a daƙiƙa da hantsi sai ya faɗo ƙasa da 5 da daddare, saboda turken sadarwa ɗaya ne duk unguwa take rabawa, kuma lokacin ne kowa yake kallon bidiyo. Na zaɓi wanda bai kai shi sauri da safe ba, amma yake tsayawa daram da daddare. Na kuma karanta sharuɗɗan tsarin da ake kira marar iyaka, inda na tarar ana rage sauri da zarar an cinye wani adadi na data, abin da ba a rubuta shi da manyan baƙaƙe a talla.

Wurin ajiye rautar ya kusa kai zaɓen kamfani muhimmanci. Na ɗora ta a sama kusa da tagar da take fuskantar turken, nesa da firji da talabijin. Tana watsa sabis a zango biyu: na gigahaz 5 ya fi sauri amma bangon bulo yana kashe shi, na 2.4 kuma ya fi nisa. Ko shi ɗin bai kai sashen baya ba, sai na ja wayar intanet samfurin Cat6, wadda take iya kai mita 100 ba tare da rauni ba, na kafa rauta ta biyu a can. Na canza kalmar sirrin da na'urar ta zo da ita, na ware wa baƙi tasu daban, sannan na saya mata ƙaramin batir mai bolt 12 don kada ɗaukewar wuta ta katse mini taro.

Akwai kuma layi na biyu na wani kamfani da nake ajiye da 'yar data kaɗan a ciki, tun bayan tsinkewar wayoyin intanet na ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma a watan Maris na 2024, lokacin da wasu kamfanoni suka durƙushe wasu kuma suka ci gaba da lallaɓawa.