Kayan da na yi ta kai wa Baba a gidan kula da tsofaffi

Ana saura ƴan kwanaki Sallah ɗan wata aminiyata ya zo gaishe ni a nan kudancin Landan, hannunsa cike da ledoji. Mahaifinsa bai daɗe da shiga gidan kula da tsofaffi ba, bayan shanyewar ɓarin jiki ta haɗu masa da gigin tsufa. Yaron ya zube kayan a gabana yana fara'a: sabuwar waya ta shafawa, agogon hannu, shadda Getzner da aka yi wa aiki a Kano, turaren wuta, ga ƙullin kilishi. Ya ce, "Anti, ya kika gani? Ai Abba zai ji daɗi ko?" Na ce, "Allah ya yi maka albarka." Bakina ya yi nauyi, don irin kayan nan su ne na yi ta ɗiba ina kai wa nawa uban, kuma na san inda suka ƙare.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Babanmu ya baro Zariya a 1974 ya zo karatu, ya samu aiki, ya zauna. Bayan rasuwar Mama abin ya fara. Ya kunna gas ya manta, ya fita tsakar dare cikin hunturu da silifas yana neman masallacin unguwarsu ta Zariya, sai ƴan sanda ne suka dawo da shi. Ina aikin dare, ga yara, ga gida mai bene, banɗaki a sama. Ƴan'uwa na gida suka ce a maido shi. A maido shi wurin wa? Sa'anninsa sun ƙare, gidan gado an raba, masu cewa a kawo shi babu wanda ya ce ga ɗakina. Na sa hannu a takarda aka kai shi. A Ingila duk wanda dukiyarsa ta haura fam 23,250 shi zai biya kuɗin zamansa, don haka abin da ya tara a shekarun aikinsa can ya tafi. Ba jefar da shi na yi ba, kuma har gobe in aka tsare ni haka zan faɗa. Amma ayar nan ta suratul Isra'i da ta hana ce wa iyaye ko da "uf" ba ta bar ni na yi barcin kirki ba, kuma na san sunan da ake kira na da shi a gida: wadda ta kai ubanta gidan gajiyayyu.

Da wannan kunyar na shiga kasuwa. Sallar farko na ɗinka masa babbar riga ta gani ta faɗa. Ban san cewa kayan mazauna gidan tare ake zuba su a injin wanki ba, da ruwa mai zafin gaske saboda kashe cuta, kuma duk abin da babu suna a jikinsa Allah kaɗai ya san ɗakin da zai faɗa. Rigar ta dawo aikin wuyanta ya tattare. Wannan ma da sauƙi. Daga baya na ji cewa ranar da aka sa masa ita sai da ya yi ƙara, don kafaɗarsa ta riga ta sage, ga ƴar ciki ga babbar riga duk ta ka ake zura su. Ni ina can ina tura hotonsa a zauren WhatsApp na dangi, ana ta masha Allah, kin kyauta.

Waya na saya masa don jikoki su riƙa kiran sa. Yatsunsa ba sa kama gilashin, ƙararta kuma firgita shi take yi, har ya ɓoye ta cikin safa. Turaren wuta ko kunna shi ba a yi ba, kowane ɗaki da na'urar jin hayaƙi. Dadduma mai kauri na shimfiɗa masa gaban gado, suka naɗe ta suka ce zai yi tuntuɓe da ƙarfen da yake dogarawa. Na yi fushi, na ce ba sa girmama addininmu. Gaskiyarsu ce, tsohon da ya karye a ƙugu ba kasafai yake komawa yadda yake ba. Sai dai ni ma ina da tawa, da sun zaunar da ni sun yi min bayani tun ranar farko, da ban ji kamar ana kore mu daga ɗakin ubanmu ba.

Wanda ba na yafe wa kaina shi ne kilishi. An riga an gaya min haɗiya ta fara yi masa wuya, wata ma'aikaciyar lafiya ta gwada shi ta ce abincinsa sai mai laushi, ruwan shansa ma sai an zuba masa wani gari ya yi kauri. Na ji da kunnena. Amma mutumin nan duk wanda zai zo daga gida kilishi yake fara tambaya, ga shi an mai da shi mai cin dankalin da aka dame kullum. Na tura ƙofa, na yago ɗan kaɗan na sa masa a baki. Ya lumshe ido don daɗi, sai tari ya sarƙe shi, fuskarsa ta canza, na danna ƙararrawa ina salati. Ya tsira a ranar, amma bayan kwanaki ciwon ƙirji ya kwantar da shi a asibiti. Likita ya ce in haɗiya ta lalace abinci da yawu kan zarce huhu. Bai ce kilishina ne ba, ni ma ban faɗa masa ba. Wani lokaci nakan ce ai ko ba komai ya ɗanɗani abin da yake so. Wani lokaci kuma in tashi cikin dare ina istigfari.

Wadda ta dawo da ni hanya wata ma'aikaciyar gidan ce, ƴar zangon Kumasi, tana jin Hausa. A lokacin Turancin Baba ya fara zubewa, abin da ya koya da girma shi ya fara tafiya, Hausar ƙuruciya ta rage. Ita kaɗai ke shiga ta ce "Baba, ina kwana," ya amsa har da tambayar mutanen gida. Ta tare ni a baranda ta ce, "Hajiya, kina ta kawo kaya. Ko sau ɗaya kin tambaye mu me Baba ya rasa?" Na ji zafin maganar, har na yi niyyar kai ƙararta. Ashe safarsa duk ta ɓace, fatar ƙafarsa ta bushe tana tsagewa, kuma da yamma ta yi yakan rikice yana neman buta, yana jin lokacin salla ya yi ya rasa yadda zai yi. A watan Disamba rana kan faɗi a Landan kafin ƙarfe 4, duhun nan na ƙara ruɗa shi.

Abubuwan da suka yi masa amfani duka ba su kai kuɗin agogon da na taɓa saya ba. Dutsen taimama ɗan madaidaici da na samo a shagunan Whitechapel. Carbi mai manyan ƙwayoyi. Man kaɗe. Jallabiyoyi masu laushi da tela ya tsaga ta gaba ya sa musu maɓalli, da rigar sanyi mai buɗewa, kowacce da sunansa a wuya. Kundin hotuna, ƙarƙashin kowane na rubuta suna da manyan baƙaƙe, don ma'aikata su iya ce masa ga Mama, ga gidan Tudun Wada. Sai ƙaramar rediyo mai maɓalli ɗaya da aka loda wa tafsirin Sheikh Abubakar Gumi, wanda ya saba ji a Rediyon Kaduna tun yana saurayi. Malam ya rasu a nan Landan a 1992, kuma Baba bai taɓa daina ba da labarin yadda ya ji rasuwar ba. Da muryar ta tashi sai ya gyara zama ya natsu.

Sai ga Maris na 2020, korona ta sa aka rufe gidajen nan. Kaya za ka ajiye a bakin ƙofa su yi kwanaki kafin a shigar, gaisuwa ta taga. Sai 8 ga Maris na 2021 aka yarda mutum ɗaya ya shiga ya riƙe hannun nasa. A tsakanin nan ya daina gane ni. Ina tuna Asabar ɗin da a baya na ɓatar a shaguna ina neman abin da zan riƙa, alhali ƙofar a buɗe take. Ko da yake a lokacin ma gajiya ce, wanda bai yi aikin dare ba ba zai gane ba. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.

Na zauna da niyyar jera muku shawarwari masu yawa, sai na ga ba su da yawa. Kafin ku sayi komai, ku tambayi mai yi masa wanka. Ba ofis ba, ita mai wankan. Ku rubuta suna a jikin komai, har hula da tabarau. Kada ku sa masa komai a baki sai kun tambaya, ko da dabinon Madina ne, balle in yana da ciwon suga. Kilishin da kuke roƙon matafiya su ɓoyo muku a akwati ma doka ta hana shigo da nama daga Najeriya, amma ku yaran yanzu in an faɗa muku sai ku ce an cika tsoro.

Na ce ku ji maganar ma'aikata, amma kada ku sakankance. Ku ɗaga bargo ku duba diddige da baya, ku buɗe durowa ku ƙirga kaya, ku tambayi abin da aka ba shi ya ci. Aiki ya yi musu yawa, kuma tsohon da ake zuwa dubawa ba ɗaya yake da wanda ba a zuwa ba. Na ce kuma a bar kayan tsada, to ban da hula. Ku saya masa mai kyau, zanna bukar ko kube irin wadda ya saba, da ɗan turaren shafawa. Dattijo ne, kada a bar shi kai a buɗe a cikin falo kamar marar kowa. In ta ɓata ku sake sayen wata.

Zumunci a ƙafa yake, ku je. Amma in zuwan naku na ɗaukar bidiyo ne, ku yi zamanku a gida. Abin da ke ƙona min rai ke nan da ku: ku shiga da waya a hannu, ku manna kai da na tsoho yana dalalar da yawu, ku ɗora wa duniya da addu'a a ƙasa, minti kaɗan kun fice. Mutumin da a da ko ɗakinsa ba ku shiga sai da sallama! Na yi nawa da hoto, na sani, shi ya sa nake da bakin magana. Ku kashe wayar ku zauna, ku yanke masa farce, ku shafa masa mai. Ku daina yi masa jarrabawar "Abba, wane ne ni?" Ku faɗi sunanku da kanku tun daga ƙofa. In ya tambayi wanda ya rasu, ba dole ba ne ku sake yi masa sabuwar mutuwa kullum, ku ce ya ba ku labarinsa.

In za ku tafi, ku daidaita da lokacin da ake kawo abinci ko shayi, hankalinsa na can sai ku yi sallama a taƙaice. Kada ku ce masa gobe za ku dawo in kun san ba za ku dawo ba. Yakan manta sunanku amma ya riƙe wannan, ya hana a cire masa takalmi har dare, ma'aikata su yi ta fama da shi.