Irving Thalberg da wahalar sake ɗauka bayan zuwan sauti

Irving Thalberg yana da shekara 24 aka damƙa masa ragamar shirya finafinan MGM, kamfanin fim na Amurka, lokacin da aka kafa kamfanin a 1924. A wurinsa fim bai kammalu ba don darakta ya ce ya gama. Sai an kai shi wata sinima an nuna wa 'yan kallo, an lura da inda suka yi dariya da inda suka fara mutsu-mutsu a kujera, sannan a dawo Culver City, inda sutudiyon MGM yake a lokacin, a sake ɗaukar duk wurin da ya yi rauni.

A zamanin fim marar magana wannan ba wuya. Wani lokaci canza rubutun da ake sakawa tsakanin hotuna ya wadatar. Da sauti ya shigo sai lissafi ya rikice. Dole kyamara ta riƙa ɗaukar hoto 24 a kowace daƙiƙa, in gudun ya canza murya ta lalace. Ƙarar injinta tana shiga makirufo, shi ya sa aka kulle ta da mai ɗauka cikin wani akwati mai tagar gilashi, ga zafi, ga rashin motsi. Tsofaffin fitilu masu tsartsatsin wuta suna ƙugi, aka koma masu ƙwai. Waƙa kuwa, makaɗa na zaune a gefe suna kiɗa ana ɗauka, kyamarori da yawa na aiki lokaci guda domin hoto ya dace da sauti wajen haɗawa. Sake ɗaukar waƙa ɗaya na nufin tara wannan jama'a gaba ɗaya, a sake biyansu.

A fim ɗin The Broadway Melody na 1929 Thalberg ya ƙi amincewa da wata rawa, ya ce a sake. Douglas Shearer, shugaban sashen sauti, ya kawo shawarar a kunna kiɗan da aka riga aka naɗa, 'yan rawa su bi shi. A ganina wannan dabara ce ta ceci salon aikin Thalberg, domin ta raba gyaran hoto da gyaran sauti, kuma har yau da ita ake ɗaukar waƙoƙin fim. Fim ɗin ya ci Oscar na gwarzon fim.

Ciwon zuciya ya kwantar da Thalberg a ƙarshen 1932, shugaban sutudiyon, Louis B. Mayer, ya rarraba aikinsa ga wasu furodusoshi, ciki har da David O. Selznick. Thalberg ya rasu a Satumban 1936 yana da shekara 37.